Yadda na cika Ailan da jikokin kakana

Shekarun baya, ina digiri na biyu a New York, farfesanmu ya ba mu aiki: kowa ya zaɓi ƙasa ɗaya a Turai, ya lissafa yawan mutanenta a yau da a ce kakanninsu ba su yi ƙaura zuwa Amurka ba. Na riga na faɗi gwaji ɗaya a kwas ɗin, in na sake faɗuwa tallafin karatuna ya tafi, sai Kano.

Na zaɓi Ailan don na ga 'yar ƙarama ce. Karanta littattafai kuwa ƙiwa ta hana ni. Na ce ai haihuwa haihuwa ce, bari in auna da gidanmu. Daga ɗakina a Parkchester na kira mahaifiyata.

“Hajiya, jikokin kakanmu nawa ne?”

“A'uzubillahi! Awaki ne da za ka ƙirga? Abin da ake koya muku ke nan?”

Ta kashe wayar. Gwaggona ce ta taimake ni, ita ma da raɗa, tana ƙirgawa tana cewa tubarkalla. Na ɗauki adadin na ninka wa duk mutumin da ya hau jirgin ruwa daga Ailan zuwa Amurka.

Ranar gabatarwa na miƙe da ƙwarin gwiwata. Jama'a, a lissafina mutanen Ailan sun fi na Sin yawa! Ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Farfesa ya yi dariya har ya cire tabarau, ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Ya ce, “Daga ina ka samo wannan?”

Na ce, “Daga kakana, ranka ya daɗe.” Eh, da Hausa ta fito.

Da ya nitsa ya ce, “To ka cire ni daga lissafin. Kakata daga Ailan ta zo, kakana daga Italiya, a nan Bronx suka haɗu. Da ta zauna gida babu ni.”

Ya ba ni mako guda in gyara. Na karanta littattafan da na guje wa, na haye da ƙyar.

Har yau maganarsa na taɓa ni. Nakan yi kewar gida, in ce da ma ban taho ba. Sai in dubi 'ya'yana biyu suna rigima da Turanci. Uwarsu 'yar Zangon Kumasi ce, a jirgin ƙasa mai lamba shida muka haɗu. Da na faɗi kwas ɗin nan, babu su.