Ranar da Na Yi Sojan Gona a Aziziyya

Akwai wani wari da dilar gwanjo take yi idan aka yanke igiyarta, kamar an haɗa kafur da ƙurar sito. Shekaranjiya ina wucewa ta gaban wani shago a Rusaifa aka buɗe wata, warin ya daki hancina, sai kawai na tsaya a bakin titi ina dariya ni kaɗai, har mai shagon ya leƙo ya ga ko lafiya. Lafiya lau. Wata riga na tuna, kuma tunda na tuna ta sai na ba ka labarinta, ko da yake ba ni da abin alfahari a ciki.

A unguwar Jarwal ta nan Makka muka tashi, tun tana Jarwal ta lunguna da matakala, kafin otal-otal su cinye ta. Gidanmu yana can saman dutse, ɗaki uku da rufin da muke shanya a kai. Mahaifina yana nan da ransa, amma kowa ya san kakata ce mai gidan. Ta zo aikin hajji da ƙuruciyarta daga ƙasar Kano, ta zauna, ta haihu, ta ga jikoki, amma har ta koma ga Allah Larabcinta bai wuce na cefane ba. Mu da aka haifa a nan, Larabci muke yi a makaranta da titi, Hausa kuwa a gabanta, don in ka yi mata Larabci sai ta ce ba ta ji ba, ko da ruwa ka kawo mata. Wannan taurin kan nata shi ya bar mini Hausar da nake rubuta maka da ita.

A waɗancan shekarun talabijin ba ya nuna komai sai sojoji, mu yara kuwa mun haukace a kansu. Ina da shekara goma sha huɗu, na riga na fi mahaifina tsawo, gashin baki ya fara leƙowa, ina shafa shi sau ɗari a wuni don kada ya koma. Sai kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda yake jan mota tsakanin Makka da Jidda, ya kawo mini tsaraba daga kasuwar gwanjo: riga mai kauri, ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare irin na kakin soja, da aljihu huɗu manya. Ba tambari a jikinta, ba suna, ba komai. Ya ce in ajiye ta sai lokacin sanyi. Muna tsakiyar zafi a lokacin, zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, amma wa zai jira sanyi?

Washegari da safe aka aike ni sayen ƙosai, na zura ta na sauko. A bakin lungunmu akwai wata inna da take suya tun kafin a haife ni. Ita da rabin mutanen lungun ba su da iƙama, wato takardar izinin zama; hajji ya kawo su, neman abinci ya zaunar da su. Ina karyo kwana ta ɗago kai ta hango dabbare-dabbare yana saukowa daga matakala. Ba ta tsaya duba fuska ba. Ta bar kasko a kan wuta, ta faɗa gidan maƙwabta da matsami a hannu, telan da ke gefenta ya ja ƙofarsa garam. Kafin ka ce me, lungu ya yi tsit, sai ƙosai yana ƙonewa. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Ni da jiya-jiya ake aike na sayen gishiri, yau na kulle lungu guda.

Kakata ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta sauko da kanta, abin da ba ta cika yi ba saboda gwiwa, ta ja kunnena har gaban innar nan, ta sa na durƙusa na ba ta haƙuri. Innar tana dariya tana share hawaye. Da muka koma sama kakata ta zaunar da ni. Takan kira ni maigida, irin wasan kaka da jika, amma ranar ba wasa a muryarta.

"Maigida, a wurinka riga ce. A wurinta motar kame ce, da Jidda, da jirgin mayar da ita gida. Kada in ƙara ganinta a lungun nan."

Na ce to. Amma ka san kan yaro. Ta ce lungun nan, ba ta ce Makka duka ba.

Ana haka alhazai suka fara sauka, gari ya cika. Wata rana da hantsi na cusa rigar a leda, na ce zan je wajen aboki, na hau bas zuwa Aziziyya, unguwar da take cike da masaukan alhazai, inda ba wanda ya san ni, ni ma ban san ko'ina ba. Na laɓe bayan wata mota na saka ta a kan wandon kawuna ruwan ƙasa, na fito ina taku, ƙirji a gaba, hannu biyu a baya. Gumi yana bin bayana har cikin takalmi, amma ban damu ba, don alhazai suna ganina suna ratsewa su ba ni hanya. Wani ma har ya ɗaga mini hannu, na amsa da kai kawai, kamar wanda ya gaji da gaisuwa.

Bayan an sallame azahar na ji an cafke hannun rigar ta baya. Na waiga, sai ga wani tsoho siriri mai farin gemu, da hula, da jaka a wuya irin wadda ake raba wa alhazai. Yana ta cewa "askari, askari," wato soja, yana nuna gabas yana nuna yamma. Da ya ga ban gane ba sai ya saki ajiyar zuciya ya ce wa kansa da Hausa, "Wayyo Allah, ga shi ko Larabcin ban iya ba."

Bakina ya riga ni. "Baba, lafiya?"

Tsohon nan ya ja da baya ya dube ni tun daga sama har ƙasa, fuskarsa ta washe. "Allahu akbar! Sojan Makka da Hausa a bakinsa! Ranka ya daɗe, na ɓata."

A nan ya kamata in ce masa ni ba kowa ba ne, ɗan makaranta ne daga Jarwal. Ban faɗa ba. Sa'an kakana ya ce mini ranka ya daɗe, maganar ta yi mini zaƙi, na haɗiye ta. Ya ce ya fito masallaci ta wata ƙofa dabam da wadda ya shiga, abokan tafiyarsa sun ɓace masa, abin hannun da aka rubuta masaukinsa a jiki kuwa ya cire shi wajen alwala ya bar shi a taga. Na tambaye shi kamannin gidan. Ya ce dogo ne, fari, da tuta a sama, da mai shayi a ƙofa. Na ɗaga kai na duba titin: duk gidan da ke Aziziyya dogo ne, fari, da tuta a sama, da mai shayi a ƙofa. Duk da haka na gyara murya na ce, "Biyo ni, Baba."

To, a nan rigar ta ɗaure ni. Soja ba ya tambayar hanya. Mun wuce masu shaguna da direbobin bas waɗanda ko a barci za su nuna maka masaukin 'yan ƙasarmu, amma yaya zan tsaya da kakina in ce don Allah ina ne? Mun hango mata Hausawa masu sayar da tuwo a gindin wani bango, su da suka san kowane alhaji da ɗakinsa, amma na san ina dosar su za su watse, na riga na ga irinta. Sai na yi ta shiga titi ina fita da fatan Allah ya sa tsohon ya gane gidan da kansa. Shi kuwa yana riƙe da hannun rigar, yana ba ni labarin gonarsa ta gero, da 'yarsa da ta yi masa guzurin dakkwa, yana cewa in ya koma gida zai faɗa wa kowa cewa akwai ɗanmu a cikin sojan Makka. Wani kantin magani mai koren allo sau uku muna wuce shi.

A hankali labarin ya ragu. Takunsa ya koma jan ƙafa. Leɓɓansa suka bushe suka yi fari. Can ya zauna a gefen titi inda ba inuwar kirki, bai kuma saki rigar ba, na ji yatsunsa suna rawa ta cikin yadin.

"Ranka ya daɗe, da saura?"

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. A garin nan muka tashi, mun san abin da rana take yi wa tsofaffin alhazai. Ba sau ɗaya ba na ga an ɗauke mutum a makara daga bakin titi. Kuma ni na jawo shi cikinta kusan sa'a biyu. Ina jin kunyar faɗa, amma har tunani ya zo mini in zare hannuna daga rigar in bar masa ita in ruga. Sai na hango askari na gaske a mahaɗar titi, tsaye kusa da kujerarsa da tulun ruwa. Na san a ƙasar nan ba a wasa da shigar jami'ai, na san abin zai iya kaiwa har kan mahaifina. Na dubi tsohon, na dubi askarin. Na sa hannu na ɗaga shi muka tsallaka.

Askarin saurayi ne, rana ta ƙona masa fuska. Ya dubi rigar, ya dubi takalmina na ƙwallo, ya tambaye ni da Larabci wace runduna ce wannan. Na ce ta gwanjo ce, kawuna ya sayo. Ya ce, "Tuɓe, ya walad," wato kai yaro. Na tuɓe. A ciki ba komai sai singileti jiƙe da gumi da haƙarƙari a waje. Tsohon ya dube ni, ya dubi rigar a hannuna, ya buɗe baki.

"Au! Ashe yaro ne!"

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Askarin ya zaunar da shi a kujerarsa, ya ba shi ruwa, ya zuba masa kaɗan a ka. Sannan ya ɗaga jakar wuyansa ya duba launinta, ya ce masu irin wannan jaka kullum ta gabansa suke wucewa, suna titin bayan masallaci, gida na uku. Shi ba zai bar wurin aikinsa ba, don haka ni zan kai shi, har ɗaki. Kafin mu tafi ya riƙe kafaɗata ya ce da rigar nan tana da tambari da a wurinsu zan kwana. Ya ƙara da wata magana da ban manta ba, ya ce mutum in ya ɓata ya ga wannan launin, shi ke nan ya daina neman taimako a wani wuri.

Na cusa rigar a leda. Tsohon ya miƙe, ya nemi abin riƙewa bai samu ba, sai ya kama wuyan hannuna. "Taho, ɗana, kai ni." Ranka ya daɗe ta ƙare, kuma wallahi wannan ta fi mini daɗi. Ko minti goma ba mu yi ba muka isa. Ashe sau biyu muna wuce bakin titin. Abokan ɗakinsa suna tsaye cirko-cirko a ƙofa, suka yi ca a kansa. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ya sa mini albarka mai tsawo, sannan ya ɗan ja kunnena ya ce, "Ai da ka gaya mini yaro ne kai, da tun ɗazu na aike ka ka tambaya."

Na faɗa wa kakata komai da bakina, don na san ko ban faɗa ba labari zai hau matakala ya same ta. Na shirya wa faɗa, amma tambaya biyu kawai ta yi: ya sha ruwa? Ka kai shi har ɗaki? Da na ce e, ta ce in je in ci abinci. Da la'asar ta sa aka miƙo mata almakashi da allura, ta farke rigar, ta ɗinke ta a jikin jarkar ruwan da muke ajiyewa a ƙofar gida don masu wucewa. In aka jiƙa yadin sai ruwan ya wuni da sanyinsa. Kawuna ya zo ya ga tsarabarsa, ya riƙe baki. Jarkar nan ta yi hajji da yawa a ƙofarmu, aljihu ɗaya yana nan a jikinta, a ciki ake sa kofi.

Yanzu lungun babu shi, gidan babu shi, kakata ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Dabbare-dabbare kuwa ya zama ruwan dare: gajeren wandon jarirai, jakar makaranta, hula, har murfin waya. Alhazai ma kusan kowa da wayarsa mai nuna hanya. Ban hana 'ya'yana sawa ba, ni ba mai yawan hani ba ne. Sharaɗina dai kada a liƙa mata tambari, kada a shiga da ita unguwar da za a firgita mutane, kuma daga ranar da jirgin alhazai na farko ya sauka a ninke ta a sa a akwati har na ƙarshe ya tashi. Babban ɗana yakan yi dariya ya ce, "Baba, ai kowa ya san ba ta gaske ba ce." Nakan ce masa haka ne, kowa ya sani, ban da tsohon da rana ta daka, ya ɓata, idonsa ya yi duhu. Shi launin kawai yake gani, ya miƙo hannu ya riƙe, kuma ni na ji yadda hannun nan yake rawa.