Zuciyar Ta Kalli Mai Waƙa

Kawuna mai walda ne, shekara talatin da wani abu yana yi. Duk ƙofar ƙarfen da ka gani a layinmu da ɗan lanƙwasa a samanta, hannunsa ne. Sana'ar ta gina masa gida mai ɗaki uku, ta bar masa tabon ƙuna a bayan hannuwa, sannan ta karɓe masa kunne. Injin yankan ƙarfe ya cinye na hagu gaba ɗaya, na dama kuwa sai ranar da ya ga dama yake aiki. Abin haushin shi ne Kawu bai yarda ba ya ji ba. Ka ce masa "ina kwana," ya ce maka "ai tun jiya aka zo aka ɗauka." Kuma ko za a mutu ba zai ce a maimaita ba. Abin da kunnen ya tsinto, da shi zai yi aiki har ƙarshe.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ɗinki take yi a gida. Tun ina ƙarama ban taɓa tarar da kekenta yana tafiya shiru ba, kullum da waƙa a kansa. Waƙoƙin nata ne, ita ke haɗa su. Ta yi wa 'ya'yanta kowa da tasa, ta yi wa allurar da ke yawan karyewa, har ruwan saman da ke jiƙa mata shanya bai tsira ba. Ba a rubuce suke ba, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ɗaukar su, don wa ke ɗaukar abin da yake ji kullum?

Bara ƙari ya fito mata a maƙogwaro. Likita ya sa ranar tiyata nan da kwana goma sha biyu, ya kuma faɗa musu gaskiya: muryar za ta iya dawowa, za ta iya dawowa daban, za ta iya ƙin dawowa. Wannan kam Kawu ya ji shi tsaf, ban san da wane kunne ba.

Washegari sai ga shi a makarantar da nake koyarwa, da kayan aiki a jikinsa da baƙin tabarau a goshi.

"Malama, ɗauko jakarki ki raka ni. Makirufo za mu saya, irin na masu ɗaukar waƙa."

"Kawu, ai wayarka ma tana ɗauka."

"Na gwada. 'Yata ta ce kamar daga cikin rijiya ake yi. Na gaske nake so."

Ya ɗauko ni ne don a ganinsa duk wanda ke riƙe alli ya san komai. Ni kuwa abin da na sani game da makirufo shi ne wanda shugaban makarantarmu ke hurawa kafin ya fara faɗa.

Shagon ƙarami ne, ana hawa bene a shiga. Wayoyin lantarki sun sauko daga rufi, lasifikoki an jibge su har bakin ƙofa, makirufo kuwa ga su nan jere cikin gilashi, wasu kamar kwalba, wasu kamar kan shawa. Mai shagon mutum ne mai kirki, sai dai bakinsa ya fi kunnen Kawu gudu nesa ba kusa ba.

"Baba, na murya kake so ko na kayan kiɗa?"

"Duka biyu. Mace za ta yi waƙa, maƙwabcina mai aski zai kaɗa mata jita."

"To dainamik ko kwandensa?"

Fuskar Kawu ta washe, ya ji kalmar da ya sani. "Kwandensa ai akwai shi a cikin fanka. Me ya kawo shi nan?"

Mai shago ya ce ba wannan ba ne. Ya shiga bayani. Dainamik ƙarfi gare shi, ko ya faɗi ba ya komai, amma sai an kai baki kusa. Kwandensa kuwa laushi gare shi, yana kama murya da jita a tare, sai dai yana jin komai, har ƙudan da ya gifta. Ya ambaci wasu lambobi, ya zana mana layi mai hawa da sauka a bayan kwali. Na dinga gyaɗa kai don kar a raina malanta, alhali tun a lamba ta biyu na ɓace.

"Mai jin komai ɗin nake so," in ji Kawu. "Kurma ɗaya ya ishi gida."

Na juya na dube shi. A iya sanina ranar ce ta farko da ya faɗi haka da bakinsa, kuma bai kalle ni ba.

Mai shago ya fito da wani dogo mai sheƙi, ya ce wannan ba ya aiki sai da ɗan akwatin da ke ba shi wuta ta musamman, wadda masu sana'ar ke kira wutar fatalwa.

"Wutar me?"

"Fatalwa, Baba. Suna ne kawai."

"A'uzubillahi. Mara lafiya gare ni a gida, ka ce in kai mata fatalwa?"

Aka yi dariya, amma ba sunan ne ya kore mu ba. Akwatin ya fi makirufon tsada, aljihun Kawu kuma ba zai ɗauki biyun ba. Muka yi tsaye cirko-cirko. Kawu ya nuna wannan a ce sai da akwati, ya nuna wancan a ce na ganga ne, ya nuna wani a ce na masu wa'azi a fili ne. Zufa ta karyo masa, ni kuma kaina ya fara sarawa. Can mai shago ya tsuguna ya jawo wani gajere baƙi daga ƙasan kanta, ya ce wannan kai tsaye ake jona shi da wayar hannu, ba ruwansa da akwati.

"Kuma mai zuciya ne."

"Mai zuciya kuma? Ni da nake neman mai haƙuri?"

Mai shago ya juyo da shi, ya nuna mana wani ɗan zane fari a jikinsa, kamar zuciyar da yara ke zanawa a littafi. Ya ce ta wannan gefen kaɗai yake ji sosai, bayansa kusan kurma ne. Ya ɗaga murya saboda Kawu: "Baba, ka riƙe wannan. Zuciyar ta kalli mai waƙa."

Kawu ya gyaɗa kai da ƙarfi, irin gyaɗawar da ya kamata a ce na sani. Ni kuwa na ji maganar, na ajiye ta wuri ɗaya da dainamik da fatalwa da lambobin nan, na manta.

Sandar ɗora makirufo bai saya ba, ya ce abin kunya ne mai walda ya sayi sanda. Ya ƙera tasa, mai nauyin da sai mutum biyu suka shigar da ita ɗaki. Ana gobe za a kwantar da Inna a asibiti aka yi ɗaukar, da hantsi. Aka rataye barguna a tagogi kamar yadda mai shago ya ce, aka kashe fanka da firji. Ni aka ba gadin ƙofar waje, in hana yara ihu, in roƙi masu babur su tura da hannu har su wuce gidan. Saboda haka ban ga yadda aka zauna a ciki ba. Daga baya na ji cewa Inna da mai aski sun zauna a gefe ɗaya, Kawu a ɗaya gefen da waya a hannu, makirufo a tsakiya. Kawu ya gwada da kansa, ya ce ɗaya, biyu, uku. Aka saurara, ta fito tar. Mai aski ya ce ai ko a rediyo sai haka.

Waƙa tara Inna ta yi, tana hutawa tana kurɓar ruwan ɗumi. A ta tara muryar ta ƙare mata. Da yamma Kawu ya saurari ɗan farkon abin shi kaɗai, ya ji muryarta can nesa, ya ɗora laifin a kan kunnensa, ya adana wayar.

An yi tiyata lafiya. Bayan mako guda Inna ta dawo gida da umarnin kar ta yi magana, sai ta koma rubutu a bayan littafin awonta. Ranar da ta ɗan ji ƙarfi ta rubuta cewa a kunna mata. Mai aski ya kawo lasifikar shagonsa, muka zauna mu huɗu.

Jita ta fara, can ƙasa-ƙasa. Muryar Inna ta shigo, ita ma kamar daga gidan maƙwabta. A kusa kuwa numfashi ne, mai nauyi. Sai wata murya ta taso dab da kunnenmu, kaushi gare ta, ba ta kan hanya ko kaɗan, amma tana bin waƙar kalma bayan kalma.

Muka dubi juna. Kawu ya matso da kunnen dama jikin lasifika.

"Wane ne wannan? Malama, ba na ce kar ki bar kowa ya shigo ba?"

"Babu wanda ya shiga, Kawu."

"To wa ke wannan gurnanin a kan waƙar mutane?"

Mai aski ya sunkuyar da kai. Ni kuma sai a lokacin maganar mai shago ta dawo mini.

"Kawu, ina ka juya zuciyar nan?"

"Inda ya ce mana. Zuciyar ta kalli mai waya. Ai ni ne mai waya."

"Mai waƙa ya ce, Kawu."

Sai da na faɗa sau biyu. Ban taɓa jin nauyin kalma a bakina irin na ranar ba, kuma har yau ina jin haushin kaina, don ni ce mai kunne a cikinmu. Kawu ya zauna a hannun kujera. Muryar nan mai kaushi tasa ce. Bai san yana yi a fili ba, shi a zatonsa a ransa yake bi. Mai aski ya ce shi hankalinsa na kan jita. Inna ta ga leɓensa na motsi, ta ɗauka addu'a yake.

Waƙa tara, duk haka suke. Babu wadda bai bi ba, har ta allura. A ta ƙarshe, inda muryar Inna ta yanke, shi ya ƙarasa baitin shi kaɗai, ana jin yana jan hanci.

"Na ɓata," ya ce. "Abu ɗaya na ce zan yi mata, na ɓata." Ya miƙa hannu zai ɗauki wayar. "Kawo in goge wannan abin kunyar."

Inna ta riga shi. Ta tura wayar ƙarƙashin cinyarta, ta jawo littafin awo ta yi rubutu, ta daɗe tana yi, idonta ya kawo ruwa amma bakinta na son yin dariya. Ta miƙo mini in karanta masa, na kai baki saitin kunnen dama na ɗaga murya.

"Ta ce a waƙar auta ka haɗa baiti biyu wuri ɗaya, a ta ruwan sama kuma ka tsallake guda. Ta ce ka jawo kujera kusa, a maido daga farko, za ta nuna maka wuraren."

Kawu ya dube ta, ya dube ni, kamar bai gane ba. Na buɗe baki zan maimaita, ya ɗaga mini hannu. Ya jawo kujerar.