Malam Habila da Tarin Ranar Litinin

Shekara ashirin da biyu ke nan, kafin jiniyar gidan gurzar auduga ta yi kuka da safe, Malam Habila ya riga ya jingine kekensa ya buɗe ɗakin shan magani. Ya dafa allurai, ya goge benci, ya zauna jiran masu rauni da masu zazzaɓi. Malamin asibiti ne, ba likita ba, kuma shi zai fara gaya maka haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, rabin Funtuwa ba su san abin da ya yi musu ba.

A kakar 1979 ya lura da wani abu. Duk Litinin bencinsa cika yake da leburorin ɗakin inji, kowa dafe da ƙirji, numfashi da ƙyar. Zuwa Laraba sai su warware. Manaja ya ce lalacin bayan hutu ne. Maganin da kamfani ya sani shi ne gwangwanin madara, wai tana wanke ƙurar auduga daga ƙirji. Leburori kuwa su kai wa 'ya'yansu madarar, su dawo da tarinsu.

Wanda abin ya fi kamawa shi ne Isaiah, mai ba da waƙa a cocin su Habila. Mutum ya yi waƙa garau ranar Lahadi, Litinin ya kasa tsayuwa, ai ba a rasa masu fassara ba. Aka ce daga coci gidan burkutu yake zarcewa. Dattawan coci suka dakatar da shi, manaja ya ba shi gargaɗin ƙarshe.

Matar Isaiah, Salome, ta sami Habila a bakin ƙofa. "Yaya, in aikin ya tafi, ma koma gona. Amma sunansa fa? Yaran nan ba sa iya ɗaga kai a unguwa."

"Ban san sunan ciwon ba, Salome," in ji shi. "Amma na san ba giya ba ce."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya kai Isaiah asibitin Malumfashi, aka gwada tarin fuka, babu. Ya kai shi Zariya, hoton ƙirji bai nuna komai ba. Ranar Asabar suke samun zuwa, ranar da ƙirjin ya saki. A can wani likita ya ce masa akwai masu karatun rigakafi da cututtukan wurin aiki, amma ba su da yawa. Habila ya rubuta wasiƙa goma sha ɗaya, ya je Kaduna sau uku, kafin ya tsaya gaban Dakta Maiwada da littafin marasa lafiyarsa, kowace Litinin da jan layi a ƙarƙashinta.

Likitan ya daɗe yana buɗe shafuka. "Malam, kada ka kawo mini Isaiah. Ni zan zo, kuma ranar Litinin."

Ya zo. Ya sa leburori arba'in suka hura wani bututun awo kafin aiki da bayan tashi. Sannan ya gaya wa manaja cewa ƙurar ce, ƙirjin da ya huta ranar Lahadi shi ke jin ta sosai washegari. "Madara kuma ciki take zuwa, ranka ya daɗe, ba huhu ba." Aka sa fankokin zuƙe ƙura, aka raba ƙyallen rufe hanci, aka mai da Isaiah wurin sikeli a waje.

Habila, wani a nan zai tsaya. Kai ne ka roƙi likitan takarda ta biyu, zuwa ga dattawan coci, ka tsaya aka karanta ta a gaban jama'a. Kai ne ka gane cewa sunan mutum ma yana bukatar magani.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya. Masu tasowa, in kun ga ciwo yana zuwa da ranarsa, ku tambayi majiyyaci aikin da yake yi, in abin ya fi ƙarfinku ku nemo wanda ya sani.

Huhun Isaiah bai koma daidai ba, don an makara. Amma shi ke ba da waƙa har yau. Yakan tsaya a tsakiyar baiti ya nemi numfashi, coci duka ta yi shiru tana jiransa, har da waɗanda suka ce giya ce.