Masinjan da Ya Tuɓe wa Kwamfuta Riga

Ƙarfe bakwai saura kwata Malam Mode yake jingine kekensa a gindin dogon yaron ofishinmu na harkar makarantu a Shagari. Kafin ya gaida kowa sai ya shiga ɗakin kwamfuta, ya buɗe tagogi biyu, ya auna da tafin hannu ko wani ya tura akwatin na'urar jikin bango. Sha ɗaya na yi zai dawo, ya kifa bayan hannunsa a kanta kamar uwa mai duba goshin ɗanta. Masinja ne. Tun 1981 yake wannan aiki, zamanin jamhuriya ta biyu da sunan garinmu ke bakin kowa, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye. Ni Rabi ce, mai buga takardun ofishin, akwai godiyar da na daɗe ina riƙe da ita.

A 1994 wata ƙungiyar agaji ta ba mu kwamfuta. Lokacin rayuwa ta yi tsanani, ana ta rage ma'aikata, kowa na tafiya a hankali kada a tuna da shi. Shugabanmu Alhaji Sodangi mutumin kirki ne, sai dai ya iya girmama kaya. Mu kuwa duk abin da muke ji da shi rufe shi muke yi, rediyo da rigarta, sirdin keke da tasa. Alhaji ya aika wa tela a kasuwar Bodinga, aka ɗinko wa akwatin kwamfutar rigar karan-miski, har da soso a ciki da aikin zare a gaba. Aka ɗora ta kan darduma a kusurwa, aka rufe tagogi don 'yan leƙe.

Da bazara ta shigo, sai baiwar Allah ta tsiro da hali. Da safe lafiya lau, rana na take tsaka sai ta sandare, duk abin da na buga ya bi iska. Sau biyu aka ɗauko injiniya daga Sakkwato. Da sanyin safiya yake zuwa, ya tuɓe mata riga ya duba, ta yi ta aiki kamar ba ita ba. Yana tafiya a mayar da riga. Wa ya rage a zarga? Ni, mai taɓa ta.

Ga sunayen 'yan makarantar da za su zauna jarrabawar shiga sakandare, dole su isa Sakkwato ranar Alhamis. Alhaji ya faɗa mini a fili cewa in ba su fito ba, sunana zai sa cikin waɗanda za a sallama. Mijina bai shekara da rasuwa ba, ga 'ya'ya uku.

Ranar Litinin da azahar kwamfutar ta sake mutuwa, na kifa kai a tebur ina kuka. Malam Mode ya shigo da ruwan sha. Ya zura hannu ƙarƙashin rigar nan, ya fizge da sauri, ya je ya kira Alhaji.

"Ranka shi daɗe," in ji shi, "abar ga lahiya tata lau. Zahi ka kashe ta. Mu can Dingyadi, in anka lulluɓe albasa cikin ɗaki, kwana goma ta ruɓe. Rudu akan yi mata, rumbun kara, a ɗaga ta bisa itace, iska ta ratsa ta ko'ina."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Mode, kayan Turawa za ka gwada da albasa? Rigar ga kwana tara anka yi ana ɗunkinta!"

"A ba ni kwana ukku. In ta sake mutuwa, a hidda sunan Rabi, a sa nawa."

Mutum mai iyali goma sha ɗaya, a shekarar da ake neman dalilin korar masinjoji, ya miƙa wuyansa saboda matar da ba danginsa ba. Har yau in na tuna sai idona ya ciko.

Alhaji ya ce ya ji. Malam Mode ya tuɓe rigar, ya ninke ta da ladabi don kada ran mai ita ya ƙara ɓaci. Ya janye akwatin daga bango, ya ɗora shi kan tubali huɗu, ya kawar da darduma. Ya jiƙa buhun algarara ya rataye a tagar da iska ke shigowa, nesa da na'urar. Ya shiga ofishin Alhaji ya ɗauko fankarsa ta tebur, Alhaji na kallo yana fifita da fayil. Sannan ya kafa mini doka: aiki daga safe zuwa azahar, a kashe ta ta huta, a ci gaba bayan la'asar. Ranar Laraba da yamma sunan yaro na ƙarshe ya fito, kwamfuta ko tari ba ta yi ba.

Da injiniya ya dawo, ya buɗe cikinta ya nuna mana ƙwaƙwalwar na'urar, 'yar mitsitsiya, da ƙaramar fanka a kanta wadda gashin karan-miski ya shaƙe. Ya ce da an ƙara sati biyu da ta ƙone. A wurinsa Malam Mode ya koyi cire waya daga wuta, ya share fankar da gashin kaza, ya hure ta da famfon kekensa. Alhaji kuwa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa tubalan nan ya ce, "Dabarar da munka gano ke nan." Malam Mode yana tsaye a baya yana murmushi. Rigar ma shi aka ba, ita ce a sirdin kekensa har ta yage.

Labari ya bazu. Masu shagunan buga takardu a Bodinga suka riƙa aiko masa, ya je ya duba, ya ce a buɗe taga, a ɗaga akwati, ya sha fura ya dawo. Kwamfuta biyar muka canza a ofis, babu wadda zafi ya kashe. Shi kuwa har yau bai iya buga sunansa a kanta ba.

Malam Mode, kai ne likitan da bai shiga aji ba. Kai ne ka ga hawayena ka sa hannu inda injiniya bai sa ba. 'Ya'yana uku sun yi karatu, babbar ma malama ce yanzu a Kajiji, kuma a kan aikin da ka tsare mini aka raine su.

Makon jiya na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, ko ya tabbata ran nan dabararsa za ta ci. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Wallahi ko kusa, Rabi. Albasa ɗai nis sani. Amma na ga marayu ukku bayanki, nic ce gara a gwada da ni."

Na gode, Malam Mode. Allah Ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya mana. Ku kuma da kuka rage a ofisoshi, in kun ga ana shirin ɗora wa wani laifi, ku fara zura hannu ƙarƙashin rigar tukuna.