Teta Vinka da Sharar da Aka Ɗora wa Yugo

Duk safiyar da yugo ta kwanta, wato iskar kudun nan da ke kwana uku tana dukan tsibirinmu, kafin a buɗe gidan burodi Teta Vinka, wato inna Vinka a harshenmu, ta riga ta kama hanyar gaɓar Mrtina. Buhuna a kafaɗa, safar hannu irin ta aikin gona, busasshen ɓaure a aljihu. Hanyar gangara ce mai duwatsu, mota ba ta bi. Takan sauka da buhu wayam, ta hauro da shi cike, sau biyar ko shida kafin rana ta take. Shekara goma sha tara tana haka, tun da masana'antar kifin gwangwani ta rufe aka sallame ta da sauran ma'aikata. Ba wanda ya sa ta. Ba kuma wanda ya taɓa tare ta a hanya ya karɓar mata buhu ɗaya.

A garinmu yugo ce ke ɗaukar laifin kowa. Ciwon kai, yugo. Mutum ya zagi matarsa, yugo. Shara ta rufe bakin teku, sai ka ji, "Ai yugo ce ta kawo daga ƙasashen kudu, ba tamu ba ce." Teta Vinka ba ta jan musu. Tuli biyu take yi a kan tsakuwa. Ta ɗaga kowace roba ta duba rubutun jikinta: idan harshen waje ne ta jefa dama, idan namu ne ta jefa hagu. Tulin hagu bai taɓa zama ƙarami ba.

Barba Bepo masunci, wato kawu Bepo, ya taɓa ratsowa da kwalekwalensa ya iske ta a duƙe. Ya ɗaga murya daga cikin ruwa, "Vinka, yaushe suka ɗauke ki aikin shara? Bar musu kayansu, iskar da ta kawo za ta mayar!" Ta laluba tulin hagu ta ɗago jarkar baƙin mai, ta juyo masa da gefen da aka yi wa rubutu. "Bepo, ashe yugo ta iya rubuta sunan kwalekwalenka da jan fenti? Har da kuskuren harafin da ka saba yi?" Shi da bakinsa yake ba da labarin a shagon kofi, ana dariya. Har yau bai duƙa ya tsinci ko leda ɗaya ba.

Shekarar da teku ta watso allurai, ma'aikaciyar jinyarmu shaida ce. Kwana tara Teta Vinka tana bin tsakuwa da awartaki tana zubawa a gwangwani, don kada yara su taka idan zafi ya zo.

Bara wasu mutanen kamfani suka zagaya tsibirin da jirgin ruwa suna neman gaɓar da za su karɓa haya don baƙi masu zuwa shaƙatawa. Duk inda ke fuskantar kudu sun iske shi a cushe da roba, sai Mrtina kaɗai tana ƙyalli. Suka yanke cewa yugo ba ta shiga wurin, suka rubuta haka a takardarsu. Aka kira taro a zauren ƙaramar hukuma, aka karanta mana. Babu mutum ɗaya a zauren da bai san ƙarya ce ba, amma an yi mana alkawarin aiki, kowa ya sunkuyar da kai. Ita kaɗai ta miƙe.

"Dinko," ta ce wa shugaban ƙaramar hukumar, don a gabanta ya girma, "yugo tana shiga Mrtina kamar yadda take shiga ko'ina. Ni ce nake kwashewa. Idan kun kewaye wurin, wa zai kwashe da hunturu?"

Ya yi murmushi ya dubi baƙinsa. "Teta, zauna ki huta. Yugo ce ke damunki yau."

Zauren ya kwashe da dariya. Ina wurin. Ban yi dariya ba, amma ban buɗe baki ba, kuma ban ga bambancin da ke tsakani ba.

Aka kafa shingen waya, aka sa ƙofa, aka jera laima da kujeru. Da baƙi suka watse a ƙarshen zafi, kamfanin ya danna kwaɗo ya bar maigadi. A watan Nuwamba yugo ta yi kwana huɗu. Daga saman hanya kana hango shara ta kai gwiwa. Ta sauka da buhunanta, maigadin ya tare ta, wani baƙo ne daga hayin teku.

"Uwa, ba ni da izinin barin kowa ya shiga."

"Ɗana, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai zuwa wanka? Shara zan kwashe maka. Idan robar nan ta yi wata biyu a rana da gishiri za ta farfashe ta shige cikin tsakuwa, ba mai iya tsince ta har abada."

"In kika faɗi a ciki ni za a kama. Ki yi haƙuri."

Sau uku tana komawa. Ta rubuta wa ƙaramar hukuma, aka amsa mata cewa wurin ya fita daga hannunsu. Wata biyun sun wuce tuni. A kan hanyar dawowarta ta uku gwiwarta ta ƙi, sai da aka tallafo ta zuwa gida, likita kuma ya ce ta gama da gangara.

Teta Vinka, ke ce uwar Mrtina, ko takarda ta yarda ko ba ta yarda ba. Ke ce kika share wuri har ya yi kyan da za a yi kwaɗayinsa, kika faɗi gaskiya a gaban jama'a aka mayar da ke abin dariya. Mun gode miki. Na san godiyar ta makara, kuma ba za ta buɗe kwaɗo ba.

Ku kuma mutanen garinmu, akwai sauran gaɓa shida da ba a kewaye ba. Ku sauka ku kwashe, kuma ranar taro ku miƙe ku faɗi wanda ya kwashe. Ta ce duk mai niyya ya biya ta gidanta tukuna, ta faɗa masa inda dutse ke zamewa a kowace hanya, kada ya karye a banza. Mako uku ke nan da ta faɗi haka tana zaune kusa da ƙofa. Don Allah wani ya je ya ƙwanƙwasa.