Katin Ɗan Fari

A shekara ta biyu ta farin nan, lokacin da masu rumbu uku suka koma awon garin rogo a kasuwa, wata ƙungiya daga birni ta buɗe gidan yini a garinmu. Tsohon siton gyaɗa aka share. Masu taɓin hankali da marasa wurin kwana su zo da hantsi, su yi wanka, su ci tuwo, mai shan magani a ba shi ƙwayarsa, da la'asar a rufe ƙofa kowa ya kama gabansa. Ni aka ɗauka tuƙin tuwo. Mijina ya tafi cin rani bai aiko ba, kuma ba macen da za ta dafa wa mahaukata sai wadda yunwa ta sauke wa girman kai.

Manyan gari sun yi murna ƙwarai. Ranar buɗewa suka cika tabarmi da manyan riguna, suka ja doguwar addu'a, suka cinye ɗan akuyan da aka yanka. Ban ƙara ganin ƙafar ko ɗaya a wurin ba.

Cikin masu zuwa akwai maƙwabcinmu, magidanci ne da taɓin hankali ya kama bayan rasuwar ubansa. Baffanninsa biyu suka ce za su riƙe masa gona kafin ya warke. A wajenmu gona jikin gona take, iyakar ɗan layin gamba ne. Masu riƙon amana suka tuge gambar, gonarsa ta narke cikin tasu, ɗakinsa kuma suka cika shi da harawa. A rumfar mahauta yake kwana. Wata biyu yana shan ƙwayar gidan yini ya daina surutu shi kaɗai, har yana taya ni faskare.

Sai hatsi ya ja baya, aka aiko da sabon tsari: ba tuwo, ba magani, sai mai kati. Kati kuwa sai ɗan'uwa na jini ya tsaya gaban teburi, ya faɗi sunan mutum da bakinsa, ya ce nasa ne, ya dangwala yatsa. Yini ɗaya aka bayar. Aka turo mana wani ma'aikaci mai biro uku a aljihu.

Na je wurin baffannin da sassafe. Babban ya ce yana da baƙi. Ƙaramin ya ce ƙafa ta hana shi motsi, ƙafar da na gani da hantsi tana bin jaki da mangalar taki. Ba wanda bai gane ba. Wanda ya dangwala yatsa cewa ɗan wansa ne, ya dangwala cewa akwai gona.

Saura uwarsa, shi kuma ɗan farinta ne. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane. Kakarsa ce ta raine shi. In dole ta kama uwar ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Ni dai na san duk ranar da gidan yini ba ya aiki, ita ke ba ni ɗan kwano a rufe in kai rumfar mahauta, ba ta taɓa cewa na wane ne ba.

Bayan azahar ta zo, tana dogara kara. Matan unguwa suka biyo ta suka cika taga. Ba taimako ya kawo su ba, so suke su ga ko za ta iya. Baffannin kuma suna gindin ɗorawa tsallaken hanya, da baƙin da ciwon ƙafar duk sun wuce.

Ma'aikacin ya nuna maƙwabcin namu, yana zaune jikin bango da kwanonsa.

"Inna, wannan ɗanki ne?"

Ta dubi ƙasa. "Na gidanmu ne."

"Ba gida na tambaya ba. Ke kika haife shi? Ya sunansa?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Na leƙo da muciya a hannu na ce, "Malam, ɗan farinta ne, ba ta faɗa. Bari ni in faɗa maka."

"Ke 'yar'uwarsa ce?"

"Maƙwabciya ce."

"To koma kan tukunyarki."

Bahaushe ne fa, haihuwar Kano. Na tabbata ko tasa uwar ba ta kiran sunan yayansu. Amma an ba shi teburi da kujera, ya manta daga cikin wa ya fito. Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Ya jira kaɗan, ya duba agogo, ya ce, "Na gaba."

Nan tsohuwar ta faɗi sunan. Ƙasa-ƙasa ta faɗa, bai ji ba, ya ce ta ɗaga. Ta ɗaga har na gindin ɗorawa suka ji. Ta ƙara da cewa, "Ni na haife shi."

Matan taga suka ɗauki salati. Wata guda suka yi suna zancen tsohuwar da ta zubar da kunya a gaban baƙo, a bakin rijiya, a gidan suna, a wajen daka. Masu kunya ke nan, waɗanda a kan idonsu aka tuge gamba ba wadda ta yi ko tari.

Maƙwabcin namu kuwa, nan take ya ajiye kwanon ya miƙe. Ya zo gabanta ya durƙusa, yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. A hankali ya yi maganar, hankalinsa kwance sarai.

"Inna, ashe kin san sunana?"

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta miƙa yatsa aka dangwala.