Golan da Kawu Ya Sayo

Labarin 'yan Japan masu jifa, a Mina na fara jin sa, a bakin wani Bakano da ke tuƙa tasi a Amurka. A shekarun nan, da zarar aikin Hajji ya zo nakan bar wa ƙanena kantinmu na unguwar Misfala a Makka, inda muke sayar da carbi da darduma da turare, in tafi Mina jagorancin alhazai. A Makka aka haife ni, mahaifina ma haka, don haka hanyoyin cikin tantunan nan ba sa rikita ni. Ran da muka dawo daga jifan Shaiɗan, mutumin ya zauna yana matsa kafaɗa yana dariya, ya ce 'yan tsakuwa sun gajiyar da shi, ina ga masu cin abinci da jifa. Na ce da ma akwai masu cin abinci da jifa? Ya ce akwai, kuma sun fi ni da shi arziki nesa ba kusa ba.

Wani wasa ne wai shi besbol. Mutum ɗaya yana jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani yana ƙoƙarin dukanta da gora, kuma mai jifan shi ne ƙashin bayan ƙungiya. Manyan ƙungiyoyin Amurka sukan je har Japan su sayo gwanayen jifa da tsadar da hankali ba ya ɗauka, fasinjojinsa kuwa kullum suna gardama a kujerar baya a kan ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

"A can Japan wasa ɗaya yake yi a mako, ya huta," in ji shi. "In ya zo wurinmu ba ya samun wannan hutun, ƙwallon ma ba irin wadda hannunsa ya saba da ita ba ce. Wani ya jure ya yi suna. Wani gwiwar hannunsa ta lalace, sai likita."

Na ji daɗin labarin kamar yadda ake jin daɗin labarin ƙasa mai nisa, ban san zan buƙace shi ba kafin wata ya zagayo.

A unguwar Ka'akiyya muke zaune. Bayan gidajenmu, a gindin dutse, akwai wani fili mai ƙasa tauri da tsakuwa, nan muke buga ƙwallon ƙafa. In alhazai suka watse, zafi ya ɗan sassauta, sai a buɗe gasar unguwanni, kowace Juma'a bayan la'asar. Ni ne golan unguwarmu tun ina saurayi, kuma a lokacin na doshi arba'in, gwiwata ta fara ƙara in na durƙusa. Na san saura kaɗan. Abin da nake so kawai shi ne in tsaya a ragar nan shekara ɗaya kuma, in sauka da ƙafata. A kanti ni mai miƙo kaya ne, ba wanda ke duban fuskata. A filin nan kuwa har tsofaffi sukan ɗaga mini hannu.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne uban ƙungiya. Dillalin gidajen haya ne, shi ke sayen riguna da ruwa da ƙanƙara, kuma bai taɓa ɗaga kofi ba, abin da ke ci masa rai ke nan. Sai ya ji labarin wani gola mutumin Maraɗi, wanda ya taɓa buga wa babbar ƙungiya a ƙasarsu, yanzu yana leburanci a dogayen gine-ginen da ake yi kusa da Harami. Unguwanni suna rububinsa. Kawu ya taya sama da kowa, ya haɗa da takalmi da safar hannu da kuɗin mota, sa'an nan ya kira ni ya zuba mini shayi da kansa. Da ganin haka na san akwai magana.

"Kalas, ya isa haka, ɗan nan," ya ce. "Ka yi iya yinka, Allah ya yi maka albarka. Bana ka huta."

Nan na zaro labarin Japan. Na tsara shi sosai, na ce baƙo komai gwanintarsa bai san ƙasarmu ba, bai san iskar da ke saukowa daga dutse ba, Amurkawa ma da kuɗinsu suna cizon yatsa. Kawu ya bari na gama, sa'an nan ya yi dariya har da tari.

"Ya salam! Har Japan ka je neman hujja? Tsufa ne, ɗana, ba Japan ba."

Ya faɗi gaskiya, shi ya sa ta yi mini zafi.

Ran da sabon golan ya zo, na so ƙwarai ya zama mai girman kai, in sami abin riƙewa. Sai ga dogon mutum mai sanyin murya, ya rusuna ya gaishe ni da hannu biyu, yana ce mini Yaya. Tafin hannunsa duk siminti ya tsattsage shi. Da aka fara wasa kuwa sai na ga gwaninta. Ƙwallon sama yakan ɗauke ta kamar mai sauke tulu daga kan yarinya, kuma kafin ɗan wasa ya buga ya riga ya tsaya inda za ta bi. Ina zaune a kan kular ruwa, safata a aljihu, ina kishi kamar in mutu.

Mai neman aibi ba ya rasawa. Bayan 'yan wasanni na lura ba ya faɗuwa. In ƙwallo ta zo ta ƙasa sai ya tare da ƙafa, in ta yi nisa ya bi ta da ido. Wata Juma'a aka zura masa ɗaya ta kusurwa, irin wadda ni da gwiwata mai ƙara zan kwanta in tare. 'Yan kallo suka sa masa suna golan gilashi, suna ce wa juna a yi a hankali kada ya fashe. Na ji daɗi, ba na musu. Da yammar nan na ɗauke shi a motata zuwa tasha, na tambaye shi, ina yi kamar mai ba da shawara.

Ya dubi hannuwansa ya amsa.

"Yaya, na iya faɗuwa. A gida da ita anka san ni. Amma can yashi ne, nan dutse ne. Iƙamata, takardar zamana a nan, lebura ta ce. In na karye wurin aiki, kamfani za ya duba ni. In na karye wurin ƙwallo, mi za ni ce masu? Jirgi za su sa ni. Kai in ka karye, ka zauna kanti kana miƙa carbi da hannu guda. Ni da hannun ga nike ɗaukar bulo, shi ne abincin tsohuwata da ɗiyana."

Na tuna shekarar da na karye a filin nan, yadda na kwanta a gida mahaifiyata tana dafa mini ƙafar saniya, ƙanena yana riƙe da kanti, ba abin da na rasa sai wasa. Mu 'yan gida muna zubewa a kan tsakuwa muna kiran abin jarumta, ashe akwai wanda zai ɗauke mu ne. Bakanon Mina ya faɗa mini haka ta wata hanya, ni ne na ɗauki rabin maganar da ya yi mini amfani. Ana iya sayo hannun mutum, amma hutun da ya saba da mutanen da za su yi jinyarsa suna can inda aka baro su.

Washegari na je wurin Kawu na kwashe duka na faɗa masa. Na ce kada a matsa wa mutumin nan, a bar shi ya yi wasa yadda yake yi. Kawu ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka koma Japan kuma? Tayyib, na ji. Raga dai ba za ka koma ba."

Na riga na ɓata maganar tun farko da na yi ta don kaina. Yanzu da nake yin ta don wani, ba mai saye.

Muka kai wasan ƙarshe. Unguwa ta fito har da waɗanda ba su san ƙwallo ba. Kafin a busa usur, Kawu ya dafa kafaɗar golan a gaban kowa, da fara'a, ba da faɗa ba, ya ce yau yake so a nuna wa masu surutu abin da ya sa ya sayo shi. Golan ya sunkuyar da kai. Da ya zo wucewa ta gabana na kama hannunsa na ce ya tuna abin da ya faɗa mini a mota. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi mashi aski."

Muna gaba da ci ɗaya, rana ta kusa faɗuwa bayan dutse, sai ɗan gaban abokan karawarmu ya kuɓuce ya buga ta ƙasa zuwa kusurwar dama. Na tabbata ta shiga. Sai na ga dogon mutumin nan ya miƙe a iska, ya ture ta da tafin hannu, ya sauka a kan tsakuwa da hannun a ƙarƙashinsa. Ban taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin wannan ba a filinmu. Wurin ya ɗauki kabbara da ihu, mutane suna rungumar juna, an ɗan jima kafin a lura bai tashi ba. Da almakashi aka yanke safar daga hannunsa.

Kawu ya waiwayo yana nemana. Na zaro safata daga aljihu na shiga ragar da na yi makonni ina roƙon Allah ya mayar mini. Ƙwallo ɗaya ce ta zo, mai sauƙi, na rungume ta. Aka tashi, muka ɗauki kofi, aka ɗauki hoto ina tsakiya ina riƙe da shi. A lokacin golan yana cikin mota a hanyar asibiti.

Kawu ba mugu ba ne. Shi ya ɗauki nauyin asibiti, ya je ya roƙi shugaban leburori, ya koma ya sake roƙo, har ya yi hawaye a gabana. Amma kamfani ba ya ajiye lebura mai hannu ɗaya, kuma ƙashin bai haɗu daidai ba. Kafin ya tafi ya biyo ta Misfala sayen tsaraba, hannun a rataye a wuya. Na cika masa jaka da carbi da turare. Ina ta neman kalmar ban haƙuri, sai ya riga ni.

"Yaya, ka ga faɗuwar?"

Na ce na gani.

"Rabona da irinta tun gida," ya ce, fuskarsa tana haske. Wannan farin cikin nasa ya fi komai karya mini zuciya.

Shekarar da ta biyo ba wanda ya yi mini gardamar raga. Na tsaya wasa biyu na ce gwiwa ta hana, kuma ba gwiwar ba ce. Har yau in na ji ana musu a kan ko wani ɗan wasa ya cancanci tsadarsa, nakan lura asarar mai saye kaɗai ake dubawa.

Hoton yana nan a ɗakin baƙin Kawu, kusa da kofin. Baƙi sukan tsaya su duba, su juyo su dube ni, su ce ashe wannan ne golan da ya ci muku kofi. Kawu yakan shagala da zuba shayi. Ni kuwa nakan ce musu a'a, golan yana Maraɗi, hannunsa na dama ba ya iya ɗaga bulo.